Kwalbar Auta ta Ƙarshe

3 ga Maris

Zuwa ga 'yata, ɗiyar ƙanwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan aikinki. Mu nan lafiya, gwargwadon hali. Hawan jinina ya tsaya inda likita yake so ya tsaya. Antinki tana cin abinci, ko da yake ba da yawa ba. Mahaifiyarki ta zo ta yi mana kwana huɗu ta koma, ta kuma ce in gaya miki kin rage kiran waya.

Takardarki ta ta'aziyyar 'yarmu Auta ta iso tun watan jiya. Na karanta, na gode. Ban amsa da wuri ba saboda na tarar da takardun jarrabawar ɗalibai ɗari biyu da sittin suna jirana a ofis. Shugaban sashenmu na kimiyyar sinadarai ya ce zai raba wa wasu malamai, na ce ya bari. Na gama su cikin kwana goma sha ɗaya.

Ambulan ɗinki na biyu, mai ɗauke da fom, ya iso ranar Litinin. Zan maimaita abin da na fahimta domin ki gyara mini in na yi kuskure. Daga ɗan yankin fatar da aka yanka a cinyar Auta shekara biyu da suka wuce, wanda na sa hannu aka aika ɗakin gwajinku, an raini ƙwayoyin halitta an daskarar da su, kuma yanzu saura 'yar kwalba guda a tankin sanyi. Kwamitin ɗa'ar bincike na cibiyarku ya ce izinin da na bayar ya ƙare da rasuwarta. Sai an sabunta shi, kuma a wannan karon iyaye biyu ne za su sa hannu, kafin ƙarshen watan Yuni. Idan ba a yi ba, za a ƙone kwalbar tare da sharar ɗakin gwaji.

Ba na sa hannu a kan abin da ban fahimta ba. A wancan karon na yi, domin likita yana tsaye a kaina da biro. Ni masanin ƙananan sinadarai ne, ilimina a kan ƙwayar halitta na ɗalibi ne. Saboda haka ina da tambayoyi uku. Na farko, mene ne faɗin wannan ƙofa ta jikin ƙwaya da kuka ce ita ce ta samu matsala a jikin yarinyar? Na biyu, ƙofar da babban sinadari yake wucewa ta cikinta, me zai hana komai da komai wucewa? Na uku, ta yaya kuke sanin a buɗe take, alhali ba ku ganinta?

Ki amsa a rubuce. Kada ki kira ni a waya kan wannan batu. A takarda mutum yana iya soke jimla ya sake ta.

Wassalam,
Kawunki

19 ga Maris

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da Anti, ina kuma ƙara yi muku gaisuwa. Allah ya jiƙan Auta. Ni lafiya lau, sai mura da ta kama rabin ɗakin gwajinmu. Ka ce wa Umma zan kira ta, ita ce ba ta ɗauka in tana kasuwa.

Tun ina sakandare kake yi mini tambaya uku-uku, ashe har yanzu ban tsira ba. To, ga su.

Kowace ƙwaya tana lulluɓe da tantanin kitse, kuma a jikin tantanin akwai ƙofofi. Yawancinsu ƙanana ne, gishiri iri guda kawai suke bari ya wuce. Waɗanda muke aiki a kansu manya ne. Furotin guda shida, da ake kira koneksin, suke zama da'ira su bar rami a tsakiya, faɗinsa kamar nanomita ɗaya da rabi. Ta nan abu mai girman ATP, wato man da ƙwaya take aiki da shi, yana iya fita. A lafiyayyen jiki, da'irar wannan ƙwaya tana haɗa baki da ta maƙwabciyarta, su zama hanya tsakanin gida biyu. Wadda ba ta samu abokiyar haɗi ba, wadda take kallon waje, dole ta zauna a rufe, kuma kalsiyam ɗin da ke wajen ƙwaya shi ne yake riƙe ta. A jikin Auta tubali guda ne ya sauya a furotin ɗin, sai ƙofar ta ƙi rufuwa sosai. ATP yana yoyo waje, kalsiyam yana kwarara ciki, fata ta rikice ta yi ta kauri tana tsagewa. Irin wannan ƙofar tana cikin kunne, shi ya sa ba ta ji.

Tambaya ta biyu, gaskiya har manyanmu suna faɗa a kanta a taro. Ba rariya ba ce kawai. Bangon ramin yana da cajin lantarki, kuma siffar abu tana da tasiri, har ka ga wani babba ya wuce wani ƙarami ya maƙale.

Ta uku ita ce aikina na kullum. Muna da wani rini da ba ya iya ratsa kitse. A cikin ruwa ba ya haske, amma in ya shiga ƙwaya ya manne da DNA sai ya kama ja. Mu zuba shi, mu sa faranti a ƙarƙashin madubin ƙara girma, mu auna saurin da jan yake ƙaruwa. Ƙwayoyin mai lafiya sai mun cire musu kalsiyam suke shan rinin. Na Auta ko da kalsiyam suna sha.

Mun gwada sinadarai arba'in a kan ƙwan kwaɗi da wasu ƙwayoyin aro da muka dasa musu irin matsalarta. Na goma sha bakwai ya rufe ƙofar. Amma a fata ta gaske lalataccen furotin ɗin yana cakuɗuwa da wani ɗan'uwansa, ƙofar ta zama wata iri, don haka sai mun gani a ƙwayoyinta ita kanta. Kuma ƙwayoyin fata suna tsufa, in an narke su sati uku zuwa huɗu ne sun gama. Kwalba shida muke da su, biyar sun tafi wajen gano abin da na faɗa maka. Wannan ta ƙarshe in an buɗe ta, an buɗe ke nan.

Shugabarmu, Farfesa, wadda muke ce wa Uwar Agogo a bayan idonta, ta ce in tuna maka ranar talatin ga Yuni. Na tuna maka.

Jiya ina jingine da babban firinjinmu sai na tuna yadda Auta take manna bayanta da na kicin ɗinku don ta ji rawar injin, ta kamo hannuna ta ɗora a kai, ta harare ni in na cire da wuri. Yarinyar nan da yatsa guda take juya gidan gaba ɗaya.

A gaishe mini da Anti sosai.
'Yarka

8 ga Afrilu

'Yata,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, kuma bayaninki a tsare yake. Muna lafiya. An koma karatu, ina da aji uku a wannan zango. Fankar ofishina ta daina juyawa, na rubuta wa sashen gyara.

Antinki har yanzu tana tashi ta ɗora tukunyar ruwa da ƙarfe shida, lokacin da take jiƙa fatar yarinyar kafin ta shafe ta da mai. Ruwan yakan tafasa, ta sauke, ya huce. Na ƙirga kwalaben man shafawa da suka rage a kan teburin ɗakin, goma sha huɗu ne, uku ba a buɗe ba. Na lura kuma tafin hannunta ya fara tsagewa. Shekara tara hannun yana cikin mai safe da yamma, yanzu ya rasa. Na ce ta riƙa shafa ɗaya daga cikin ukun. Har yau suna nan a rufe.

Na dawo kan aikinku. Ina da abubuwan da ban gamsu da su ba.

Matacciyar ƙwaya ma tana shan rini, domin tantaninta ya yage. Da me kuke bambanta jan da ya shiga ta ƙofa da jan da ya shiga ta yaga? Ya kamata ku sa wani rini na biyu wanda ya fi ƙarfin ramin. Idan shi ma ya shiga, ba ƙofa kuke aunawa ba.

Sannan a cikin me kuke narkar da sinadarin naku? Abin narkarwar shi kansa yana iya taɓa tantani.

Abu na uku ya fi damuna. Kin ce jan ya ragu da kuka zuba na goma sha bakwai, kuka ce ƙofa ta rufu. Sinadarai da yawa suna shanye haske, wasu kuma suna rigan rini mannewa da DNA. Mai yiwuwa ne sinadarinku ya dusashe hasken kawai, ƙofar tana nan a wangale. Ku haɗa rini da DNA da sinadarin a cikin kwalba, babu ƙwaya ko ɗaya, ku auna. Idan hasken ya ragu a nan ma, ba ku gano komai ba tukuna.

A ƙarshe, ba ki faɗa mini abin da ake yi da ƙwayoyin ba bayan an ɗauki ma'auni na ƙarshe.

Fom ɗin yana nan a ajiye.

Kawunki

26 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau.

Zan faɗa maka gaskiya, takardarka ta ɓata mini rai. Na buɗe ina neman fom, sai na tarar an yi mini maki da jan biro. Kwana biyu ina cewa a raina, wato Kawu bai yarda na iya aikina ba, gani yake har yanzu ni ce yarinyar da ta fasa masa gilashin awo. Rini na biyu muna sa shi tun ranar farko. Abin narkarwa ma muna da farantinsa daban. Amma na ukun, ka kama mu. Ba mu taɓa yin sa yadda ka ce ba. Na nuna wa Farfesa, ta cire tabarau ta ce, "Wane ne wannan?" Na ce kawuna ne. Ta ce, "Yana neman aiki?" Mun yi gwajin sau uku. Hasken bai ragu ba ko kaɗan. Sinadarin dai ƙofar yake taɓawa.

Tambayarka ta ƙarshe, na san ka san amsar, amma tunda ka ce a rubuce, ga ta. Ba ma iya cewa jan ya kai kashi kaza sai mun san iyakarsa. Saboda haka a ƙarshen kowane gwaji muna ɗiga ruwan sabulu mai ƙarfi a farantin. Yana narkar da tantanin duka, rini ya shiga ko'ina, kowace ƙwaya ta kama ja. Wannan shi ne ɗari bisa ɗari. Daga nan babu mai rai a ciki. Minti biyu ne.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Ranar Lahadi na kira Anti mu gaisa. Muna cikin hira na ce, "Anti, kun duba fom ɗin kuwa?" Ta ce, "Wane fom?" Nan na gane ba ta sani ba. Na ce ai na wata makaranta ne da na aiko wa Kawu ya duba mini. Ta ce, "Ai kin san shi da takardu."

Na yi wa Anti ƙarya saboda kai, kuma ban ji daɗi ba. Ba ka gaya mata ba, Kawu. Ba yanzu kaɗai ba, ina jin tun farko. Ni kuma ina nan ina fushi wai ka raina aikina.

Layi biyu ne a fom ɗin. Ba zan iya karɓarsa da ɗaya ba, kuma ba zan sake yi mata ƙarya ba in ta tambaye ni.

'Yarka

27 ga Mayu

Kawu,

Ina fatan kuna lafiya. Wata guda ke nan babu amsa. Umma ta ce ta ganka, lafiyarka lau, kana zuwa aiki.

Idan na wuce gona da iri, ka yafe mini. Amma mai kula da tankin ya riga ya manna wa akwatin Auta jar takarda, irin wadda ake manna wa abin da za a fitar. Kullum in na buɗe murfin sai na gan ta. Saura kwana talatin da huɗu, kuma wasiƙa tana cin kwana goma a hanya.

In a'a ce, ka ce a'a. Zan fahimta, wallahi.

'Yarka

12 ga Yuni

'Yata,

Assalamu alaikum. Takardunki biyu sun iso. Ba ki wuce gona da iri ba. Muna lafiya. An gyara fankar.

Abin da kika zata haka yake. Shekara biyu da suka wuce na ce wa Antinki za a yanki fatar ne domin gwaji. Ban ce mata za a raine ta ba, ban ce za a ajiye ba. A lokacin na ga kamar kayan da take ɗauke da su sun ishe ta.

Na gaya mata ranar Asabar ta makon jiya, da safe, a kicin, tana ɗauraye kofuna. Na shirya bayanin tun kwana uku. Na ɗauki bayan wata tsohuwar takardar jadawali na zana da'irori shida da rami a tsakiya, na fara daga tantani. Ta bar ni na kai har kalsiyam, sannan ta kashe famfo.

Ta ce, "Dakata, Malam. Kana nufin akwai wani abu na yarinyar nan da yake da rai?"

Na ce, "Ba yadda kike nufi ba. A daskare suke, cikin ruwan naitirojin. A awo ɗari da casa'in da shida ƙasa da sifili babu wani aiki da…"

Ta ce, "Ban tambaye ka awo ba."

Na ce, "In an narke su za su farfaɗo."

Ta goge hannunta a zani, ta jawo kujera ta zauna. Ta ce, "Kwana goma sha biyu ina wanke mata ciwon nan na cinya, tana cizon filo. Ka ce mini gwajin asibiti ne."

Na ce, "Na ce gwaji ne."

Ta ce, "Kai dai ba ka ƙarya, Malam. Rage gaskiya kake yi, kamar mai awon magani."

Babu abin gyarawa a maganar. Na gaya mata sauran: kwalba guda, sinadari na goma sha bakwai, ranar talatin ga wata. Na gaya mata batun ruwan sabulu ma, ban rage ba. Ta daɗe tana kallon zanen. Ta sa yatsa a ramin tsakiya ta ce, "Shekara tara ina toshe ta daga waje, ashe a nan ne."

Sannan ta ce, "Akwai wasu yaran masu irin wannan?"

Na ce akwai, ba su da yawa.

"Uwayensu ma suna tashi dafa ruwa?"

Na ce ina tsammani.

Ta ce, "Kawo biron."

Ta sa hannu a kan teburin kicin, gefen fom ɗin ya ɗan jiƙe, za ki ga alamar. Ta ce in gaya miki saƙo, zan rubuta shi yadda ta faɗa: "Ka ce wa 'yar nan in za ta taɓa su ta fara ɗuma hannunta. Auta ba ta son hannu mai sanyi." Na fara yi mata bayanin cewa kuna sa safar hannu kuma ba a taɓa su da yatsa. Ta ce, "Kai dai ka faɗa mata." Na faɗa miki.

Duk abin bai kai minti ashirin ba. Wata uku ina gaya wa kaina saboda ita nake jinkiri. Na sa fom ɗin a jakata domin in sa nawa hannun a ofis in kai gidan waya. Ya yi kwana tara a jakar. Kowace safiya ina fito da shi, in ɗora a kan tebur kusa da rajistar ɗalibai, in cire murfin biro, da yamma in mayar.

Na bincika dalili, kamar yadda zan bincika gwajin da ya ƙi fitowa, kuma ina ganin na samo shi. A cikin sanyin nan babu abin da yake faruwa. Ba ta warkewa, amma babu abin da yake tsagewa, babu ƙaiƙayi, babu yoyo. Shekara tara ban iya ba ta yini guda irin wannan ba. Da na samu labarin tana da shi a tankinku, ban so a taɓa ba. Na san ƙwayoyin fata ba su ne yarinyar ba. Na koyar da abin da ya fi wannan wuya. Sanin bai yi mini amfani ba.

Jiya da na dawo Antinki ta karɓi jakar a bakin ƙofa, abin da ba ta saba ba. Ta buɗe, ta ciro fom ɗin, ta dubi layin da babu komai. Ta ce, "In ba ka sa ba, a shara za su ƙone ta da tsummoki. Ka zaɓa mata." Ta miƙo mini, ta shige ciki.

Na sa hannu yau da ƙarfe goma da kwata, tsakanin darasi biyu. Na aiko ta hanyar gaggawa.

Sharaɗina ɗaya ne. Ku yi gwajin cikakke, da duk farantan kwatanci, sau uku a ranaku daban-daban, yadda babu wanda zai ce a sake.

Kawunki

29 ga Yuli

Kawu,

Ina gaishe ku, kai da Anti. Ina lafiya, sai gajiya. Fom ya iso saura kwana goma sha biyar. Ni da kaina na ɓare jar takardar.

Na fito da kwalbar ranar ɗaya ga wata. Kafin in sa safar hannu na tsaya a famfon ruwan zafi na riƙe hannuna a ƙarƙashi. Abokin aikina ya ce, "Yau kuma tiyata za a yi?" Na ce masa umarni ne daga sama. Ka gaya wa Anti kullum na yi, har ranar ƙarshe.

Sun farfaɗo. Washegari fiye da rabi sun kama ƙasan faranti. A kwana na tara sun rufe shi gaba ɗaya, a jere kamar daɓen tsakar gida. Na raba su kashi uku, kamar yadda ka ce.

Ga sakamako, cikakken jadawalin yana haɗe. Babu sinadari, ga kalsiyam, rini yana shiga da sauri, kamar yadda muka sani. Da muka zuba na goma sha bakwai, saurin ya faɗi da kashi saba'in cikin ɗari, kusan daidai da na mai lafiya. ATP ɗin da yake yoyo shi ma ya ragu. Babban rinin bai shiga ba, wato lafiyarsu lau, ba mutuwa suke ba. Da muka wanke sinadarin, ƙofar ta sake buɗewa. Sau uku, amsa ɗaya. Ya rufe ta, Kawu.

Faranti na ƙarshe ranar ashirin da biyu ne. Da aka zo kan ruwan sabulu Farfesa ta ce in ba ta, ta yi. Na ce a'a, 'yar'uwata ce. Na ɗiga da ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in na safe. Na tsaya har lambar ta daina hawa, na rubuta ta, na kashe madubin.

Kada ka ɗauka magani ne. Faranti daban, fatar yaro daban, kuma tsakaninsu shekaru ne, in ma an kai. Mataki na gaba a sa shi cikin man shafawa a gwada a fatar ɓera, amma abin da ya rage mana bai fi miligiram tamanin ba, kuma wanda ya haɗa mana shi ya bar cibiyar. Za mu san yadda za mu yi.

Na sa muku hoton kwana na tara, kafin a zuba komai. Farfesa kuma ta ce in aiko maka da zanen tsarin sinadarin, wai mutumin da ya kama mu ya cancanci ya gani.

'Yarka

14 ga Agusta

'Yata,

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso da duk abin da yake ciki. Muna lafiya. Aikin ya yi kyau, kuma ba ni da abin da zan soke. A jadawali na biyu kin rubuta milimola inda kike nufin maikuromola. Ki gyara kafin wani ya gani.

Na ba Antinki hoton. Ta kai shi bakin taga ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Waɗannan duk ita ce?" Na ce fatarta ce. Ta shafa hoton da babban yatsa ta ce, "Sumul." Ta tambaye ni ko abin ya yi aiki, na ce ya yi. Ta ce, "To." Ta sa hoton a cikin akwatin kayanta.

Na duba zanen sinadarin. Zobe biyu ne da ɗan gajeren haɗi a tsakani. Mataki uku ake yi a haɗa shi. Mataki na biyu ina koyar da shi kowace shekara ga 'yan aji uku, a mako na shida, kuma yawancinsu suna samunsa daidai a gwajin farko. Kayan farawar guda biyu suna cikin ma'ajiyar sashenmu, a kanta ta biyu daga sama, cikin kwalabe masu ruwan ƙasa. Shekara goma sha tara makullin ma'ajiyar yana hannuna.

Na san abin da za ki ce. Babu wanda zai iya sanin shi ne zai rufe ƙofar ba tare da gwajinku ba, kuma a kantocin nan akwai abin da zai haɗa sinadari dubu goma. Na san kuma faranti ba yaro ba ne. Na gaya wa kaina duk wannan, a tsare, kuma daidai ne. Ranar Alhamis bayan darasi na buɗe ma'ajiyar na tsaya a gaban kantar. Ban san tsawon lokacin ba. Mai shara ce ta zo ta ce za ta kulle ginin.

Ranar Litinin na sauko da kwalaben biyu. Mataki na farko ya fito jiya, farin gari, kuma ya narke a awon zafin da ya kamata. Sauran biyun za su ɗauki mako guda, tacewa kuma wani makon, domin zan maimaita ta har sai layi ɗaya ya rage a gwajin tsabta. Ki nemi izinin Farfesa, ki kuma tambayo mini takardun da ake bukata kafin a aika irin wannan kaya.

Ki rubuto mini giram nawa kuke bukata.

Wassalam,
Kawunki